Idan Mai Taɓin Hankali Ya Faɗa Hannun Hukuma

(Kiɗan buɗe shiri)

 Ina gaida na cikin garin Lafia, mutanen Sabon Pegi da Bukan Sidi da Tudun Gwandara da Shabu, da waɗanda muryarmu ke iskewa a Doma, Obi, Keana, Awe da Akwanga. Zancenmu na yau a kan mutumin da ba shi da bakin kare kansa ne: mai larurar taɓin hankali da ya faɗa hannun 'yan sanda, ko aka gurfanar da shi gaban alƙali, ko yake kwance yanzu haka a gidan gyaran hali yana jiran shari'ar da shi kansa bai san ana yi da shi ba.

Mu fara daga kan titi, domin a nan abin yake farawa. A ce ga saurayi a kasuwar Lafia, ya kwana huɗu bai runtsa ba, yana jin muryoyin da babu mai jin su sai shi. Ya miƙa hannu ya ɗauki doya a gaban mai doya, ya kama hanya, ba gudu ba ɓoyo. Wani ya ce, "Ɓarawo!" Kun san sauran. In da sauran shan ruwa a gaba, 'yan sanda su ƙwace shi daga hannun jama'a, sai caji ofis. A can za a ce ya ba da jawabi. Kai ka ɗauka? E. Ba yau ka fara ba? E. Kuna da yawa? E. Ya dangwala yatsa a takarda, kuma takardar nan za ta riga shi isa gaban alƙali. Doya ɗaya ta zama sata, in an yi rashin sa'a ta zama haɗin baki da wasu mutanen da babu su a duniya.

Akwai kuma wanda ba jama'a suka kama ba, 'yan gidansu ne suka kai shi da ƙafarsu. Ya farfasa tagogi, ya ɗaga wa mahaifiyarsa hannu. An yi ruƙiyya, an je gidan addu'a, an sayar da akuya an biya mai magani, abin ya ƙi. Sai babban wa ya je ya durƙusa gaban DPO: "Ranka ya daɗe, a taimaka a ajiye mana shi ko na wata uku ne, mu samu mu yi barci." Ba na zargin waɗannan bayin Allah da rashin tausayi. Wanda ya taɓa kwana zaune a bakin ƙofa yana gadin ɗan'uwansa ya san irin wannan gajiya. Amma bayan kanta ba ɗakin jinya ba ne, kuma shigar da shi ce mai sauƙi, fito da shi sai an sha wuya.

Wannan ɗabi'a gadonta muka yi. Turawan mulkin mallaka sun buɗe gidan ajiye masu taɓin hankali a Kalaba a 1904, da wani a Yaba ta Legas a 1907, suka kafa doka a 1916 wadda aka sake wa riga a 1958. Manufar dokar ita ce a kawar da mutum daga idon jama'a, maganar magani tana can baya. Inda babu irin wannan gida sai a ware masa wani lungu a gidan yari. Har a 2008, ƙungiyar Amnesty International ta ba da rahoton masu taɓin hankali da ta tarar a gidan yarin Enugu, cikinsu da waɗanda ba a tuhumarsu da laifin komai, danginsu ne suka kai su. Wasunku za su tuna Clifford Orji, wanda aka kama a Legas a 1999 bisa zargin kisan kai mai muni. Shekara 13 ya yi a gidan yarin Kirikiri, ya mutu a 2012 ba a yanke masa hukunci ba. Shi bai warke ba, waɗanda aka ce ya cuta su ma ba su ji kotu ta faɗi gaskiyar abin da ya faru ba. Tsohuwar dokar ta 1958 kuwa ba ta sauka ba sai a Janairun 2023, da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta ɗauki mai wannan larura a matsayin majinyaci mai haƙƙi.

To me dokar hukunta laifuffuka ta ce? Penal Code da Arewa ke aiki da ita tun 1960, a sashe na 51, ta ce abin da mutum ya aikata ba laifi ba ne idan a lokacin da ya aikata shi gushewar hankali ta hana shi sanin abin da yake yi, ko sanin cewa abin ba daidai ba ne ko ya saɓa wa doka. Wannan ba baƙon hukunci ba ne a wurinmu. Malaman fiƙihu sun daɗe da tabbatar da cewa babu taklifi sai da hankali, kuma a ƙissar Ma'izu, mutumin da ya zo ya yi iƙirarin laifi da bakinsa, kafin a yanke masa hukunci sai da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bincika ko da taɓin hankali a tare da shi. 'Yan'uwanmu Kirista kuma sun san inda koyarwar Almasihu ta ajiye ziyarar marar lafiya da ziyarar ɗan kurkuku, a jere aka ambace su.

Sai dai a kula da kyau, domin a nan mutane ke ruɗewa. Katin asibiti shi kaɗai ba ya wanke mutum. Da yawan masu wannan larura sun san abin da suke yi sarai, kuma in sun yi laifi za a hukunta su kamar kowa. Wanda ya sha ƙwaya ko wiwi da ganin damarsa ya je ya yi ɓarna, doka ba ta ba shi uzurin maye. Kuma kotu tana ɗaukar kowa a matsayin mai hankali, sai ɓangaren wanda ake tuhuma ya kawo hujjar akasin haka. Ku dubi nauyin wannan magana: mutumin da bai san ranar yau ba, shi ake jira ya kawo hujja. In babu wanda ya tsaya masa, hujjar ba za ta zo ba. Alhali kuwa tana nan a gida. Kotunan ƙasar nan suna sauraron shaidar dangi da maƙwabta a kan yadda mutum yake kafin abin ya faru da bayansa, suna sauraron gandirobobin da suka zauna da shi, suna karɓar rahoton likita.

Akwai tambaya ta biyu, daban da ta farko: yanzu da yake tsaye a gaban kotu, yana gane abin da ake yi? Zai iya yi wa lauyansa bayani? Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta tarayya ta 2015, wadda jihohi suka yi nasu a kan tsarinta, har da Nasarawa, ta ce in alƙali ya ga alamar wanda ake tuhuma ba zai iya kare kansa ba saboda halin da hankalinsa ke ciki, ya sa likita ya duba shi. In ya tabbata, a dakatar da shari'ar. In laifin irin wanda ake ba da beli ne, ana iya miƙa shi ga danginsa bisa alƙawarin za su kula da shi, su hana shi cutar da kansa ko wani, su kawo shi ranar da aka neme shi.

(Ɗan kiɗa)

Masu sauraro, doka ke nan a takarda. Ga inda take tsinkewa. Babban laifi kamar kisa ko fashi, majistare ba shi da hurumin sauraronsa, abin da zai yi shi ne ya ba da umarnin a tsare mutum a jira shawarar lauyoyin ma'aikatar shari'a. Dokar 2015 ta ce tsarewar farko kada ta wuce kwana 14 sai an koma gaban kotu. A aikace fayil yana iya yin barci, ɗan sandan da ya yi bincike a canza masa wurin aiki, kowa ya manta. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Najeriya jiran shari'a suke yi. Lafiyayye a cikinsu yana da baki. Zai aika saƙo gida, zai roƙi gandiroba, ranar da Babban Jojin Jiha ya zo zagayen duba fursunoni zai ɗaga hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, shekarata uku ba a kira ni kotu ba." Mai taɓin hankali yana kusurwa, ba zai ɗaga hannu ba. Wataƙila ma sunan da aka rubuta masa ba nasa ba ne.

Kuma ba 'yan kaɗan ba ne. Likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, garin da muke jiha ɗaya da shi kafin a ƙirƙiro Nasarawa a 1996, sun duba fursunoni 608 a gidan yarin Jos, suka wallafa sakamakon a 2013. Sama da rabinsu na ɗauke da wata larura ta ƙwaƙwalwa. Ba wai duka hankalinsu ya gushe ba ne, mafi yawa dogaro da kayan maye ne da ciwon baƙin ciki mai tsanani. Amma duka cututtuka ne masu magani, kuma kulle ba ya cikin maganin.

Ku kwatanta zafin Lafia a watan Maris, ɗaki cike da mutane, ga wani ba ya barci, yana surutu dare farai. Abokan zama za su yi haƙuri kwana biyu, ranar na uku su lakaɗa masa duka. Gandiroba, don ya raba fitina, sai ya kai shi ɗakin kaɗaici, kaɗaici kuwa ƙara rura cutar yake. In dama yana shan magani a gida, an yanke masa shi rana ɗaya. Haka mai farfaɗiya, in aka tsayar masa da magani kwatsam faɗuwar tana iya zuwa a jere har ta kai ga rasa rai. Ƙa'idojin kula da fursunoni na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015, waɗanda aka sa wa sunan Nelson Mandela, sun ce likita ya duba kowane fursuna da zarar an kawo shi, kada a kai mai taɓin hankali kaɗaici in hakan zai tsananta ciwonsa, kuma wanda larurarsa ta yi tsanani a mai da shi asibiti. Dokarmu ta 2019, wadda ta mai da gidan yari gidan gyaran hali, ta ma ba shugaban gidan ikon ya ƙi karɓar wanda aka kawo masa ba ya cikin hayyacinsa.

To in ya ƙi karɓa, a kai shi ina? Wannan ita ce tambayar da ke ɗaure hannun alƙali da gandiroba, kuma tambaya ce ta gaskiya. Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200. Asibitocin tarayya na wannan fanni irin na Barnawa a Kaduna da na Kware a Sakkwato suna da nisa da mu. Kai mutum asibiti yana buƙatar mota da mai da ɗan rakiya da kuɗin gado, kuma sau da yawa umarnin kotu yakan tsaya ne a kan wa zai biya. Tun 2023 aka gyara tsarin mulki, jihohi ma suna da hurumi a kan gidajen gyaran hali, lafiya kuwa dama da hannun jiha a ciki. Don haka ina roƙon gwamnatinmu da 'yan majalisar jiha abu mai sauƙi: ma'aikacin jinya da ya karanci lafiyar ƙwaƙwalwa ya riƙa zagaya gidajen Lafia da Keffi da Nasarawa da Wamba a kai a kai, da magani a jakarsa, a kuma ware 'yan gadaje a asibiti don waɗanda kotu ta turo.

Yanzu ga maganata da ku iyaye da 'yan'uwa, kuma ita ce zuciyar shirin nan. Ranar da kuka ji an kama shi, ranar za ku je. Kada ku ce bari ya ɗan ji jiki. Ku ɗauki katin asibitinsa da kwalayen maganin da yake sha, ko sun ƙare ku ɗauki kwalin. In bai taɓa zuwa asibiti ba, ku tafi da mai unguwa ko limami ko fasto ko maƙwabcin da ya san halinsa. Ku faɗa wa ɗan sandan da ke bincike, ku faɗa wa DPO, ku roƙi a rubuta a cikin fayil cewa mutumin nan ba shi da lafiya. Doka ta ba shi damar a ɗauki jawabinsa a gaban lauya ko wani da ya zaɓa. In Eggon ko Alago ko Mada ko Tiv ko Fulatanci ya fi ji, a nemo tafinta, domin wanda hankalinsa ya rikice harshen uwa ne kan rage masa. Ranar farko a kotu ku kasance a wurin, lauya ya tashi ya shaida wa alƙali ya nemi a kai shi likita ya duba. In babu kuɗin lauya, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Legal Aid, aikinta ke nan kuma kyauta ne, akwai kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Ke mahaifiya, ke yaya, kada wani ya ce miki mace ba ta tsayawa beli. Dokar 2015 ta hana a ƙi mai tsayawa don kawai mace ce.

Na san abin da ke rufe mana baki. Kunya ce. Kada a ce a zuri'ar wane akwai hauka, 'yan matan gidan su rasa manema. Sai uba ya gwammace a kira ɗansa ɓarawo da a kira shi marar lafiya. Baba, don Allah ka sake tunani. Shirun nan naka shi ne zai mai da kwana 14 shekara biyar. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Kada kuma a fito da shi daga bayan kanta a kai shi gidan mari. Mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019, ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya, sannan a Daura a watan da ya biyo baya. Addu'a tana da wurinta, babu mai hana ku, likita ma ba zai hana ba. Amma a haɗa ta da asibiti: a fara da asibitin da aka fi sani da Dalhatu Araf a nan Lafia, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi, ko Jos, ko Makurɗi.

Ku kuma jami'an 'yan sanda, na san ba a horar da ku don aikin jinya ba, amma ku ake fara kira. A birnin Memphis na Amurka, bayan 'yan sanda sun harbe wani mai taɓin hankali a 1987, an fito da horo na awa 40 ga wasu zaɓaɓɓun jami'ai, aka haɗa su da asibitin da za su riƙa kai mutum kai tsaye. Abin da ake koya musu ba ya buƙatar kuɗi mai yawa: a kori 'yan kallo, mutum ɗaya ya yi magana, a sassauta murya, a ba shi fili da lokaci, kada a yi musu da shi a kan abin da ya ce yana gani. Ranku ya daɗe masu shari'a, doka ta ce majistare ya riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sanda na yankinsa duk wata. In kun je, ku tambayi wanda bai yi magana ba. A Lafia kuma mun yi dace, Mai Martaba Sarki Sidi Bage Muhammad, wanda ya hau gadon sarauta a 2019, tsohon alƙalin Kotun Ƙoli ne. Masarautar da ke da irin wannan uba, ya kamata kowane mai unguwa a cikinta ya san majinyatan unguwarsa, ranar da ya daina ganin ɗaya ya tambaya ina yake.

Wani zai ce, "Malam, duk ka tsaya wa mai laifi. Mu da aka sara wa ɗa fa?" Haƙƙinku yana nan, kuma ba na rage shi. A fiƙihu ma ɗauke hukunci daga wanda hankalinsa ya gushe bai ɗauke biyan ɓarna ko diyya ba. A kotu kuwa, wanda aka samu ya yi kisa cikin gushewar hankali ba sakinsa ake yi ya koma kasuwa ba, tsare shi ake yi a wurin da ba zai cutar da kowa ba. Abin da nake nema shi ne wurin ya zama inda ake magani, kuma a riƙa duba lamarinsa lokaci zuwa lokaci. Ku sani kuma, mafi yawan masu wannan larura ba sa cutar da kowa, su aka fi cuta.

Akwai sashe guda a Penal Code da ke damuna matuƙa, sashe na 231, wanda ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Addinanmu duka sun haramta wannan aiki. Amma wanda aka ciro daga bakin mutuwa likita yake buƙata da wanda zai zauna kusa da shi, kuma tsoron kamu yana sa iyali su ɓoye shi a ɗaki maimakon su ruga asibiti. Jihar Legas ta mai da abin umarnin kai mutum asibiti tun 2011, Ghana ta cire shi daga jerin laifuffuka a 2023. In wani naku ya fara maganar ya gaji da duniya, kada a bar shi shi kaɗai, a ɗauke maganin ƙwari da makami daga kusa da shi, a kai shi asibiti a ranar.

Sai ranar fitowa. An sake shi, an yi murna, bayan wata biyu magani ya ƙare, kuɗin mota zuwa asibiti ya gagara, ko aka ga ya samu sauƙi aka ce ai ya warke. Daga nan ciwo ya dawo, sai kasuwa, sai caji ofis kuma. Maƙwabtanmu na Binuwai sun gwada wata hanya: cocin Methodist ta Otukpo da ƙungiyar agaji ta CBM da gwamnatin jihar suka horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci, don majinyaci ya karɓi maganinsa kusa da gida. Kafin irin wannan ya wadace mu, a cikin gida a ɗora wa mutum ɗaya alhakin maganin, shi zai riƙe katin, shi zai san ranar komawa asibiti. Kada a tsayar da magani sai likita ya ce. In yana sa shi yawan barci ko sanƙarewar jiki ko dalalar yawu, a koma a faɗa, ana canzawa. A ba shi abin yi daidai ƙarfinsa, ko a gona ko a shago. Takardar sallamar kotu da rahoton likita kuma a adana su wuri guda, a yi musu kwafi, domin in an sake kama shi su za a fara nema.

Nan za mu dakata a shirin yau. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti da na tsare. Sai mun sake saduwa, ku huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)